Layin da Ya Ƙi Cika

Shin da gangan Malam ya riƙa yanke abin nan, ko kuwa shi da kansa yake yankewa? Tun da na fita takaba nake juya wannan tambaya, in kwanta da ita in tashi da ita, wanda zai amsa mini kuma yana maƙabarta. Na ce wa 'yata Hajara ta ɗauko biro ta rubuta, tunda ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ta ce in fara daga kwamfuta. Na ce a'a, daga Kaka zan fara, in ba haka ba wanda ya karanta ba zai gane abin da ke sa ni kuka ba.

A wani ƙauye na tashi can wajen Bobi, kafin aure ya kawo ni Kontagora. Kakata ta wajen uba ce ta riƙe ni. 'Yar Kambari ce, Hausa da girmanta ta koya, idan zance ya yi mata daɗi sai ta zarce da yarensu ba ta sani ba, mu yi ta dariya har ta farga ta jefe mu da ɓawon gyaɗa. Lokacin ashana sai gidan mai hali. Da yamma ta yi, mata sukan leƙa su ga gidan da hayaƙi ya fara tashi, sai a tura yarinya da kasko ta ɗebo garwashi. Ni ce 'yar aiken gidanmu. Na sha ƙona yatsa, na sha isowa da toka zalla a sake mayar da ni.

Bayan girbi, idan sanyi ya shigo, Kaka takan hura wutar kara a tsakar gida, ta ɗora kututture a kai, ta jawo kwandon gyaɗa. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce. Wanda hannunsa bai ɓare gyaɗa ba, kunnensa ba zai ji komai ba. Idan mun zauna sai ta gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, an share mata wuri." Har yau ina jin ƙamshin hayaƙin nan a zaninta, ina ganin yadda hasken wuta ke kama rabin fuskarta ya bar rabi.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda ta zauna mini ita ce ta garin da wutarsa ta mutu. Ruwa ne aka yi ta yi ba ɗaukewa, har kowane murhu ya mutu, mutane suka koma cin ɗanyen gero. Aka ji labarin wata tsohuwa a bayan dutse, nesa ƙwarai, wadda wutarta ba ta mutu ba. Aka tura wani maharbi da ya fi kowa gudu. Tsohuwa ta zuba masa garwashi a kasko, ta ce, "Ka sani, wutata ba ta iya doguwar tafiya." Bai tsaya jin zancenta ba, ya sa gudu. A hanya ya wuce wata ruga, suka kira shi ya sam musu, ya ce sauri yake yi. Masunta suka kira shi, bai ko waiga ba. Ya iso gari ya buɗe kasko, toka. Ya koma da babbar tukunya, ya dawo da tokar da ta fi ta farko yawa.

Sai wata mata mai goyo ta ce za ta je, aka yi mata dariya. Ta karɓo garwashi, ba ta yi nisa ba goyo ya ishe ta, ta sauka a rugar nan. Ta hura musu murhu, ta sha nono, ta kwana, da safe ta ɗebi sabon garwashi daga murhunsu ta wuce. Haka ta yi a wurin masunta, haka ta yi a kowane gida da ta tarar. Gida na ƙarshe kafin gari na wata mata ne da suka daɗe ba sa ga maciji, a kan wata akuya da ta ci mata wake. Ta tsaya a ƙofar, ta duba kasko, garwashi ɗaya ya rage, shi ma ya fara yin fari. Ta haɗiye abin da ke ranta ta yi sallama. Da wutar murhun wannan matar ta shiga gari.

Ba a dare ɗaya Kaka ke ba da wannan ba. Gida ɗaya take shigar da matar nan kowane dare, sai ta kakkaɓe zani ta ce, "Baƙuwa ta gaji, ku tashi." Sai da na girma na gane cewa yawan gidajen ba a tsaye yake ba. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, matar nan takan sauka a gidan majemi, da na mai tukwane, da na wani kurma da ba ya jin sallama. Shekarar da gyaɗa ta ƙi, daga masunta sai ƙofar mai akuya.

Wata rana na tambaye ta, "Kaka, to wutar da ta kawo ta wace ce? Ta tsohuwa ce ko ta mai akuya?"

Ta ce, "Ki dafa tuwo da ita, ki ji ko za ta faɗa miki sunan mai ita. Ɓare gyaɗarki."

Wannan tatsuniya na zo da ita Kontagora tare da tukwanena. Na ba 'ya'yana ita, amma 'ya'ya ba sa riƙe irin wannan, hankalinsu yana kan makaranta da neman na kansu. Jikoki na sa wa rai. Mijin Hajara yana aiki a Minna, sai ƙarshen wata yake zuwa, saboda haka ita da yaranta biyu suna tare da mu. Babban sunan Malam ya ci, muna ce masa Abba, tunda ban taɓa kiran sunan maigidana ba, ba kuwa zan fara a kan jika ba. Ƙanwarsa Safiya.

Na gwada. Idan na ce ga baƙuwa a ƙofa, Safiya takan amsa da baki ɗaya, idonta na kan wayar uwarta. Abba kuwa da an idar da magariba ya sa takalmi. Akwai wani shagon gem a bayan tasha, inda yara ke taruwa suna buga ƙwallo a talabijin, sai ya tsallake babban titi da tireloli ke wucewa kafin ya kai. Uwarsa ta yi faɗa, ta yi duka, bai fasa ba. Ni da shi akwai wasa irin na kaka da jika, angona nake ce masa. Na ce, "Ango, ka bar amarya da tatsuniya a baki?" Ya ce, "Kaka, tatsuniya ta mutanen da ce, ki ajiye mini, zan dawo in karɓa." Na yi dariya a gabansa. Da na shiga ɗaki na ce wa Malam ina jin abin Kaka a kaina zai ƙare. Ya ci gaba da goge gilashinsa.

Malam gyaran rediyo ya yi a bakin kasuwa tun yana saurayi, har ido ya fara gazawa ya dawo gida. Bai yi karatun boko mai nisa ba, amma duk abin da ke da waya a jiki yana son ya ga cikinsa. Ana nan sai ƙanin baban Abba ya aiko wa yaron da akwatin gem na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, irin na shagon. Murna ba ta daɗe ba. Aka jona shi da talabijin, ya ce ba zai buga ƙwallo ba sai ya fara janyo wani abu daga intanet. Gidanmu kuwa ba mu da shi sai ɗan na waya. Malam ya jujjuya akwatin ya ce abin da yake kama waifai da shi ya mutu, amma akwai ƙofar waya a bayansa, ita tana nan lafiya.

Katangarmu ɗaya da Malam Bulus, mai shagon buga takardu da hoto. Tun kafin a haifi Hajara muke maƙwabtaka, matarsa ce ma ta yi mini wankan jego lokacin da uwata ba ta samu zuwa ba. Yana da waifai a shagonsa. Malam ya leƙa ta katanga ya ce, "Bulus, wannan abin naka da ke tsallako mana gida ba sallama, na sayarwa ne ko na sadaka?"

Bulus ya ce, "Kai da ka yi ta gyara mini rediyo kana cewa in bar kuɗina? Kawo kwamfutar in sa maka lambar. Amma sai bayan na sallami mutane, da rana aiki nake yi da shi."

Kwamfutar Hajara ce, irin wadda ake ninkewa. Suka zaga gida da ita kamar masu neman wurin haƙa rijiya, ba ta kama ba sai a wuri ɗaya, gindin katanga kusa da bishiyar lemo. Aka kife turmina aka ɗora ta a kai. Malam ya sayo doguwar waya shuɗiya a kasuwa, ya soka baki ɗaya a gefen kwamfuta, ɗaya a bayan akwatin. Aka fito da talabijin tsakar gida, aka jona da batirin sola. Shi da Hajara suka haɗa kai a kan allon kwamfutar, yana cewa, "Nemo inda za a ce mata ta raba abin da ta samu. Dole akwai. Ba wanda zai ƙera abu marowaci haka." Suka shiga nan suka fita can, har Hajara ta samo wani ɗan gurbi ta danna. Sai ga wani layi ya fito a talabijin, yana cika a hankali kamar ana ɗiga ruwa a tulu. Abba ya ce da ya cika shi ke nan, ƙwallo ta samu.

Na ce Malam ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce, "Abin na Bulus ne. Akwatin ba ya jiyo shi da kansa. Kwamfuta ce ke jiyowa, ta miƙa masa ta wannan waya."

Na ce, "Ashe ɗibar wuta ce."

Ya ce, "Ita ce. Kasko ne kawai ya yi tsada."

Damina ce lokacin, an yi ruwa da rana. Layi ya kusa rabi sai shinge suka taso, suka yi dafifi a kan hasken kwamfutar, fukafukai na zuba a tsakanin madannanta. Su duk idonsu na kan talabijin. Ni kuwa na ga kayan 'yata mai tsada a buɗe ƙwari na shiga, na yi abin da kowace mace za ta yi. Na je na rufe ta, na ɗora faifai a kai. Layi ya tsaya, ya ɓace. Da aka buɗe aka sake jonawa, sai ya koma farko.

Abba ya ce, "Kaka, tukunyar miya kika ɗauke ta?" Ya jawo takalminsa.

Malam ya ce, "Ina zuwa, takwara? Ka tafi, in ya cika ba ka nan Safiya ce za ta buɗe wasa. Ni dai ba zan hana ta ba."

Ya zauna yana kumbure-kumbure. Muka zuba ido, layin kuwa kamar ba ya motsi. Can sai Malam ya ce, "Ladi, ba su baƙuwar nan ta kakarki kafin ya cika."

Na ce ga baƙuwa a ƙofa. Safiya da Malam suka amsa. Abba bai amsa ba, amma ba inda za shi. Na ba su ruwan da ya kashe wuta, na ba su maharbi da tokarsa. Ina kai matar nan ruga, layi ya sake yankewa. Malam ya duba sama ya ce hadari ne, sai gobe.

Gobe ta yi, aka sake kife turmi. Malam ya jawo kujerarsa 'yar tsugunne ya zauna dab da kwamfutar, wai shi ne mai gadin shinge, kada wata ta sake kawo faifai. Layi ya tashi, na shigar da matar gidan masunta. Ya wuce rabi, ya yanke. Jibi haka. Kullum da dalilin da Malam zai kawo. Yau wayar ce ta saki, gobe na Bulus ne ya yi rauni, wata rana batir. Ni kuma da na ga haka, sai hannun Kaka ya dawo mini. Na shigar da matar gidan majemi, na shigar da ita gidan kurma, har na ƙaro gidan wata mai ƙosai da Kaka ba ta taɓa sani ba.

Da farko Abba musu yake yi mini. "Me ya hana ta hau mashin? Me ya hana ta sayi ashana?" Daga baya musun ya canza. Ya ce maharbin nan wawa ne, da ya tsaya a ruga ko sau ɗaya da ya riga ta. Wani dare Safiya ce ta lura ta ce, "Yaya, layi ya tsaya." Bai ko juya ba, ya ce, "Bar shi. Kaka, kurman ya buɗe ƙofar?" Na kalli Malam. Yana jan carbi, idonsa a kan bishiyar lemo.

Sau ɗaya na ga hannunsa yana dawowa daga gefen kwamfutar, bai daɗe ba layi ya tsaya. Da muka shiga ɗaki na ce, "Malam, me ka taɓa ɗazu?" Ya ce sauro ya kora. Na ce sauro a jikin waya? Ya ce, "Sauron Kontagora ina ne ba ya shiga?" Ya juya ya ja bargo. Ban sake tambaya ba, ina ganin akwai lokaci.

Babu lokaci. Kafin damina ta fita ciwon ƙirji ya kama shi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, aka naɗe shuɗiyar waya aka sa a kan taga. Layin bai cika ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan na fita takaba Bulus ya shigo da sallama, ya ce ya zo ya ƙarasa aikin abokinsa. Ya kife turmi, ya ɗora kwamfuta, ya soka waya. Hajara ta fara tankaɗen gari, ba ta gama ba layin ya cika, ƙwallo ta fito, yara suka yi tsalle. Ni na kasa tashi daga tabarma. Na ce, "Malam Bulus, dama haka yake da sauri?" Ya sunkuya yana gyara wayar da ba abin da ya same ta, ya ce, "Damina ce lokacin, Maman Hajara. Damina tana taɓa shi." Bai dube ni ba. Hajara ta ce ita ma ba ta sani ba, don akwatin hannu yana da halinsa, kuma damina da gaske tana taɓa shi. Shi ya sa har yau ban sani ba.

Yanzu Abba a gida yake buga ƙwallonsa, abokansa su cika mini tsakar gida da surutu, turmina ya zama na kwamfuta, a na maƙwabta nake daka. Ba zan ce kullum yana zuwa tabarmata ba. Wani dare ya zo, wani dare in ce ga baƙuwa a ƙofa Safiya kaɗai ta amsa. Amma ya ji ta har ƙarshe, kuma ya riƙe. Kwanan baya na jiyo Safiya tana ba jikokin Bulus ita ta katanga, ta sa matar ta sauka a shagon cajin waya, Abba yana ce mata ai ta manta da kurma.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan a kan rowa take, kada ka hana maƙwabci wuta. Da na yi aure na ɗauka a kan gaba take, saboda mai akuya. Yanzu da na tsufa ina zaune ni kaɗai ina kallon kwamfutar nan a kan turmi, sai in ga ba abin da take riƙewa. Ta karɓa daga wancan gefen katanga, ta miƙa, in aka rufe ta komai ya tsaya. Ni ma gida ɗaya ce a kan hanya. Ban san wa ya ba Kaka ba, ban san inda Safiya za ta kai ba. Abin da na sani, da an bar ni ni kaɗai da toka zan iso. Wani ne ya zauna a kujera 'yar tsugunne, sauro na cizonsa, har yaran suka saba da zama. Ko da hannunsa ya yi ko damina ce ta yi masa, shi ne ya zauna.

Hajara, rubuta wannan a hankali, shi na bari ƙarshe don ya fi mini wuya. Daren da zai rasu, bayan isha'i, ya ce a fito da shi tsakar gida, ɗaki ya yi masa zafi. Muka shimfiɗa masa katifa a inda ya saba zama. Ba kwamfuta, ba talabijin. Yaran suka zo da kansu suka zauna, Abba yana yi masa fifita. Tun da ya kwanta ciwo ban ƙara ko gida ɗaya ba, matar nan tana hanya da kaskonta. Ya yi mini alama da hannu, na gane. Na ɗauko ta na kawo ta ƙofar mai akuya, garwashi ɗaya ya rage, ya fara yin fari. Sai na ji numfashinsa ya canza. Na dakata da tatsuniyar, na kama hannunsa. Bayan magana ɗaya da ya yi mini a nan bai ƙara wata ba, kalmar shahada kawai leɓɓansa suka riƙa yi har asuba. Amma a lokacin ya buɗe ido ya dube ni, ya ce:

"Ladi, kada ki tsaya saboda ni. Shigar da ita gidan, yaran ba su ji ƙarshe ba."